Ranar da Na Sa Oga Ya Buɗe Fuskarsa

Tun da aka fara rabon fom ɗin ɗaukar sababbin 'yan sanda ban ƙara samun sakat a ƙofar gidana ba. Kullum bayan la'asar sai ku zo ku cika mini benci, ɗan ƙanina Nura a gabanku, kuna nuna mini hotunan 'yan sandan yanzu a waya: hular kwano, rigar sulke, baƙin ƙyalle a fuska, bindiga a ƙirji. Jiya har Nura yake ce mini, "Baba Sufeto, ai aikin nan ya yi sauƙi yanzu. Kana dirowa daga mota kowa zai kama kansa." Dirowa daga mota kam, ko buhun masara yana yi. Na yi shekara talatin da biyar ina sa kaki, fiye da rabinsu a ƙasar Karaye da Rogo, saboda haka ku ajiye wayoyin nan ku ji inda aikin yake.

Kamun farko da aka tura ni a Kwanyawa ne, ina kurtu, kakina ko wanki na uku bai sha ba. Wani mutum ne aka ba shi kiwon rago ya sayar. Na rataya ankwa a ɗamara inda kowa zai gan ta, na bi bayan Saje Tanimu, wanda a hannunsa na koyi aiki, kowa a kan kekensa. An kwatanta mana gidan, ga shi nan muna kallo, amma Saje ya wuce shi kamar bai gani ba, bai tsaya ba sai a ƙofar mai unguwa. Ya yi sallama, ya zare takalmi, ya zauna a tabarma. Ni kuwa ina bakin zaure ina kokawa da igiyar takalmina har aka gama gaisuwa aka kawo fura. Aka tambayi damina, aka tambayi iyali, aka koka da tsadar taki, ni ina ta leƙen ƙofa ina cewa a raina mutumin nan ai ya kai Gwarzo yanzu. Sai can Saje ya ce, "Ranka ya daɗe, wane muke so mu ɗan yi magana da shi a ofis." Mai unguwa ya aika. Kafin mu shanye furar ga mutumin ya shigo ya durƙusa, hularsa a hannu. A bayan keken Saje ya zo ofis, babu wanda ya taɓa ko rigarsa.

A hanya Saje ya ce mini, "Kurtu, mayar da ankwar nan aljihu, ta ishe ni da ƙara. Mutumin ƙauye ba fizgarsa ake yi ba, manyansa ne suke ba ka shi. In ka fizge shi yau, gobe in an yi kisa a garin, wa zai gaya maka wanda ya yi?" Ranar ya koya mini ɗaurin takalmi irin nasa, wanda igiyar ba ta wuce huda ta uku, yadda da ka taka dunduniya zai fita. Har na yi ritaya haka nake ɗaurawa, kuma na sha faɗa a fareti a kan haka.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai usur, akwai kulki, akwai ɗan littafin aljihu da biro. A littafin nan nake rubuta abin da ba a koyarwa a kwaleji: wane ne sarkin fawan kasuwa kaza, wace mata ce ta haihu, wane malami ne in ya yi magana samarin gari suke ji. In na shiga gari bayan wata uku na tambayi mutum jikin mahaifinsa da suna, to na gama da shi, duk abin da ya sani zai gaya mini. Bindiga ma muna da ita, kuma ba na raina ta. Na ɗauke ta a rakiya, na ɗauke ta a sintirin daji, domin wanda ya zo maka da wuta ba ka tarbarsa da goro. Amma tana da wurinta, kuma tsakiyar kasuwa ba ya cikin wuraren.

Kulki sau ɗaya na taɓa sauke shi a jikin mutum, kuma har yau kunyar abin ba ta sake ni ba. A wata kasuwa ce ta wajen Rogo, wani ɗan dako ya tare hanya da buhun gyaɗa a ka. Na yi masa tsawa sau uku bai ko waiwayo ba, jama'a suna kallo, sai na ga an raina kaki, na zuba masa ɗaya a gadon baya. Ashe kurma ne, duk kasuwar sun sani, ni kaɗai ne baƙo. Saje ya ɗauki buhun ya aza mini a ka, ya sa na bi kurman da shi har tasha, da kakina da komai. Daga ranar kulkina ya koma abin nuna sawun shanu in sun shiga gonar wake, da abin shata iyaka in 'yan'uwa suna rigimar gado.

Haka muka yi ta tafiya da manoma da makiyaya da 'yan kasuwa har na zama sufeto, har shekarar da masu garkuwa da mutane suka fara ƙetarowa daga dazuzzukan maƙwabta. Ban ga muguwar shekara irinta ba. Mutane suka daina kwana a gona, masu hali suka kwashe iyali suka koma birni. Ɓarayin suna zuwa ne da fuska a rufe, wani lokaci ma da kaki a jikinsu, su ɗauki mutum su yi daji da shi. Mu a ƙaramin ofishinmu mu shida ne da babur biyu, ba za mu iya tsare kowane ƙauye ba. Sai na bi dagatai ɗaya bayan ɗaya na ba su shawara: a rataye tsohon ƙarfen tayar mota a bishiya a tsakiyar gari, a ajiye kututture a bakin kowace hanya. Duk ranar da aka ga masu rufaffiyar fuska sun taɓa mutum, a buga ƙarfen, a gicciye itatuwan, kowa ya fito. Dabarar ta yi aiki har sau biyu, ina ta fahariya da ita.

A cikin wannan hali ne aka turo wata runduna ta musamman daga birni. Da niyyar taimako aka turo su, wannan ba na musu. Yara ne zaɓaɓɓu, an ba su horon daji, an ba su kaya irin waɗanda kuke nuna mini a waya. Abin da ba a ba su ba shi ne wanda zai ce musu in kun shiga ƙasar mutane ku fara biyawa ta ofishin da ke wurin.

Wata ranar kasuwa, ana gab da azahar, ina wani ƙauye ina sauraron rigimar mashayar shanu, sai wayata ta yi ƙara. Sarkin kasuwar wani gari ne da ke bayan Jajaye. Ina jin ƙarar ƙarfe a bayansa.

Ya ce, "Baba Sufeto, sun zo da rana tsaka. Sun ɗauki Sabo mai gyaran babur a rumfarsa. Amma mun rufe su, ba su da hanya."

Na ce, "Su nawa ne?"

"Takwas, a a-kori-kura, babu lamba. Duk fuska a rufe."

Na ce kada kowa ya yi jifa, kada kowa ya yi harbi, ga ni nan. Kofur ɗin da muke tare ya miƙo mini bindiga. Na duba ta na ce ya riƙe, ya koma ofis ya sanar da na sama. In ɓarayi ne, bindiga ɗaya ba za ta yi mini komai da takwas ba. In kuma abin da nake tsoro ne, to ita ce za ta ɓata aikin.

Da na iso na tarar da abin da na shuka da hannuna. Motar tana tsakiyar hanyar kasuwa, kututture gaba, kututture baya. Duk wanda ya ci kasuwa ranar yana wurin, wasu da gora, wasu da lauje, maharba da bindigoginsu na toka a kan katanga. A bayan motar mutum bakwai sun ba juna baya, bindigogi a saite, Sabo yana kwance a tsakaninsu da ankwa. Na takwas yana tsaye a ƙofar gaba yana ɗaga hannu yana magana, ba mai jin sa. A gaban motar kuwa wata tsohuwa ce, Inna Talatu, mahaifiyar Sabo, ta rungume ƙarfen gaban da hannu biyu, mayafinta ya faɗi ƙasa. Ba ta kuka, idonta yana kan ɗanta kawai. Duk wanda ya fara taɓa kunamar bindiga a wurin nan, ita ce za ta fara faɗuwa.

Na jingine babur nesa, na shiga da ƙafa. Ban busa usur ba, domin mutumin da ya riga ya tsorata ba a ƙara masa ƙara. Sallama na yi, da ƙarfi, irin ta shiga zaure. Na bayan suka amsa, ai ba a ƙin amsa sallama. Na farko da na fuskanta Malam Hudu ne maharbi, da bindiga a kafaɗa. Na miƙa masa hannu biyu na ce, "Malam Hudu, ina wuni? Ya mai jiki, ƙafar ta saki?" Ba yadda za a yi ka karɓi hannu biyu na dattijo da bindiga a kafaɗarka. Ya sauke ta ya jingine a cinya, ya ce, "Da sauƙi, Baba Sufeto." Na wuce na gaba, na gaishe shi da sunansa, na tambayi amaryarsa. Haka na yi ta ratsawa, mutum bayan mutum, kowa sai ya sauke abin da ke hannunsa kafin ya gaisa. Tafiyar da ba ta fi taku arba'in ba sai da ta ci mini kusan minti goma, kuma ban taɓa yin gaisuwar da ta fi ta amfani ba.

Da na matso kusa da motar na kalli gindin bindigoginsu. Kowace da lamba da farin fenti, irin wadda ake rubutawa a ma'ajiyar makamai. Ɓarawo ba ya fentin lamba. Na san namu ne, kuma a lokacin ne tsoro ya kama ni sosai, don na san an koya musu abin da za su yi in an kewaye su.

Na juya na ce wa jama'a, "'Yan sanda ne, namu ne."

Wani daga baya ya ce, "Baba Sufeto, kai ma an rufe ka. Kaki ai a kasuwa ake sayensa. In na gwamnati ne me suke ɓoyewa?"

Ni da kaina na koya musu wannan tambayar. Na je na tsaya kafaɗa da kafaɗa da Inna Talatu, na ƙame, na sara wa na ƙofar gaban. Anini biyu ne a kafaɗarsa, ya girme ni a muƙami.

Na ce, "Yallaɓai, barka da zuwa. Ni ne sufeton wannan yanki."

Ya ce, "Sufeto, ka zo a daidai. Gaya wa mutanenka na ba su minti biyar su janye itacen nan. In ba haka ba zan buɗe hanya da kaina. Muna da takardar kama wannan mutumin, a rumfarsa aka ga babur ɗin wani da aka yi garkuwa da shi."

Na rage murya yadda yaransa ba za su ji ba, don ba a gyara wa oga a gaban na ƙasa da shi. Na ce, "Yallaɓai, in taron fitina ne, ka harba sama za su watse. Waɗannan ba za su watse ba. A ganinsu sace ɗansu ake yi, kuma sun yi rantsuwa ba za a ƙara ba. Ka harba sama, na kan katanga za su amsa. Daga nan sai ka harba ƙasa. Ta farko tsohuwar nan ce, na biyu ni, don ba zan matsa ba."

Ta ramin ƙyallen ina ganin idonsa yana zagaya katangun. Ya ce, "To me kake so?"

"Abu biyu. Ka buɗe fuskarka, ka zo mu gaida dagaci."

"Umarni aka ba mu kada mu buɗe. Ina da mata da 'ya'ya, Sufeto. Mutanen da muke farauta ba sa mantuwa."

Na ce, "Gaskiya ne, yallaɓai, kuma in a daji ne ni zan ɗaura maka shi. Amma nan kasuwa ce. Ni duk waɗannan sun san gidana, sun san islamiyyar da 'ya'yana suke zuwa. Da wannan na ratso su yanzu ko ƙwarzane babu. A garin nan mai rufe fuska iri ɗaya suka sani."

"Shi kuma wanda muka kama?"

"Ka danƙa shi a hannun dagaci. Gobe ƙarfe tara za a kawo maka shi ofishina, da shi da babur ɗin. In bai zo ba ka rubuta cewa ni na sake shi. Saura wata bakwai in yi ritaya, ka san abin da na ɗora a kai."

Can sai ya juya ya ce wa yaransa su sauke bakin bindiga ƙasa, kowa ya ɗauke yatsa daga kunama. Ya cire hular kwano ya ajiye a kan motar, ya kama ƙyallen ta ƙeya ya zare. Gumi kamar an watsa masa ruwa. Ya share fuska da hannu, ya ce, "Salamu alaikum." Kasuwa guda ta amsa masa. Daga nan sauran bakwai suka zare nasu ɗaya bayan ɗaya, na ga gora tana sauka, na ga maharba suna saukowa daga katanga.

Muka taka zuwa zauren dagaci, jama'a suna buɗa mana hanya. Ni na taka dunduniya takalmina ya fita. Oga kuwa igiyarsa har ƙwauri, ya durƙusa a bakin zaure yana kwancewa huda bayan huda, gari guda yana tsaye yana kallo. Wani mahauci ya ce, "A kawo masa wuƙa mana." Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi. Da na ji dariyar nan na san an gama, yau ba za a ɗauki gawa ba.

A ciki ya zauna a tabarma ya gaida dagaci yadda ya ga na yi, ya nuna takardarsa, ya faɗi abin da ya kawo shi. Dagaci ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Samari, da nan kuka fara biyowa, da yanzu kuna hanya da shi, kun ci abinci kuma." Aka kwance wa Sabo ankwa, dagaci ya riƙe hannunsa ya ce ya karɓi amana. Mata suka ɓamɓare hannun Inna Talatu daga jikin motar da ƙyar, don yatsunta sun sandare, suka shiga da ita gida. Waɗanda suka gicciye itacen su suka janye shi. Motar ta fita a hankali, harsashi ko ɗaya bai tashi ba. Na yi kamu da yawa a rayuwata, an taɓa ba ni takardar yabo ma, amma babu aikin da nake alfahari da shi kamar wannan.

Washegari tun takwas oga yana ofishina, ya zauna a kujerata yana duba agogo. Ni ma ina dubawa, sai dai a ɓoye. Tara saura kwata sai ga a-daidaita-sahu ta tsaya. Ƙanin dagaci ya fito, Sabo ya fito, wani yana biye da su a kan babur ɗin da ake magana. Sabo ya zo da sunan wanda ya kawo masa gyaran da kwatancen gidansa, abin da daga baya ya kai rundunar ga mutanen da take nema tun farko. Ta ƙarshe da ta fito Inna Talatu ce, ta ce ba mai raba ta da ɗanta sai ta ga inda za a ajiye shi.

Ta shigo tana dogara sanda, muka gaisa. Ta ce, "Sufeto, jiya ban ga kowa ba sai Sabo. Wanne ne babbansu, mai cewa a buɗe hanya?"

Na nuna mata shi. Ta matsa har gaban teburin, ta ƙura masa ido, ta duba shi sama da ƙasa.

Ta ce, "Wannan? Ashe ma yaro ne. Ɗan nan, mahaifiyarka tana da rai?"

Ya ce, "Tana nan, Inna."

Ta ce, "Allah ya bar maka ita. Da da wannan fuskar ka zo mini jiya, ai da ni da kaina zan kamo maka hannunsa."

Oga ya tashi daga kujerar ya juya mata ita, ya riƙe har ta zauna. A tsaye ya rubuta bayanin Sabo, daga farko har ƙarshe.